Cari Maigumeri, Jarumin Tuta Biyu

Kaduna gari ne wanda abu biyu suka haifa, watau soja da jirgin ƙasa. Kafin zuwansu babu kome a bakin kogin nan sai ƙauyukan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da kadduna cikin ruwa, waɗanda a ke cewa daga gare su ne garin ya sami sunansa. Da hanyar jirgi ta ƙetare kogin ta nufi Kano, inda ta isa cikin 1911, sai Gwamna Lugga ya ga wurin ya fi Zungeru iska da sauƙin kai da kawowa. Aka fara kawo soja tukuna, sa'an nan cikin 1917 aka kwaso ofisoshin Gwamnati. Ma'aikatan reluwe suka yi yawa a kudancin kogi, wajen babbar tasha, barikokin soja kuwa suka bazu ta arewa har zuwa Kawo. To, a Kawo ɗin nan ne wani tsohon soja ya zauna bayan ya tuɓe kaki cikin 1953. Sunansa Cari Maigumeri, Turawa su kan rubuta Chari. Abin da ya sa labarinsa ya bambanta da na sauran mazajen zamaninsa shi ne, sarakuna biyu masu gaba da juna kowannensu ya ba shi lambar jaruntaka. Ta fari ya same ta ne don ya yaƙi Ingilishi, ta biyu kuwa Ingilishin ne da kansu suka maƙala masa ita a ƙirji.

Mutumin Barno ne, waɗansu ma su kan rubuta sunan Magumeri, kamar na garin nan da ke arewa maso yamma da Maiduguri. Mai karatu ya yi mamaki ya ce, me ya kai ɗan Barno cikin sojan Jamus? Amsar tana cikin abin da ya sami ƙasar sa'ad da Cari ke ƙaramin yaro. Cikin Afrilu 1900 Faransawa suka kashe Rabe a Kusuri, daga nan Turawa iri uku suka raba daular Shehu kamar yadda mahauta ke raba sa. Ingilishi suka ɗauki kashi mafi girma, Faransa ta ɗauki nata, Dikwa kuwa, wadda Rabe ya mai da babban birninsa, ta faɗa rabon Jamus, aka haɗa ta da ƙasar Kamaru. Haka kuma aka yi wa Adamawa: Yola ta Ingilishi, Garwa ta Jamus. Iyakar da aka ja a takarda a Turai ba ta hana mutum ya je kasuwa ko ya ziyarci dangi ba. Saurayi mai ƙarfi wanda ke neman abin sa wa a baka, in ya ji ana ɗaukar soja, ba ya tsayawa tambayar launin tutar da ke bisa bariki. Cikin 1913 Cari ya shiga sojan Jamus na Kamaru, bai ko cika shekara ashirin ba.

Shekara guda kawai ya yi yana koyon rawar soja, sai wuta ta kama a Turai cikin Agusta 1914, ta kuwa tsallako har bakin Binuwai. Jamusawa sun riga sun ƙarfafa Garwa ƙwarai: sun haƙa ramuka, sun gina mafaka a kan tuddai, sun kewaye su da waya mai ƙaya, sun kafa bindigogi masu ruwa. Ƙarshen watan Agusta sojan Nijeriya suka taso daga Yola suka faɗa wa garin da dare. Suka ci ɗaya daga cikin mafakan, amma da gari ya waye Jamusawa suka yi musu ruwan harsashi, suka kore su. Shugabansu, Kanar Maclear, ya mutu a wurin tare da hafsoshi da soja da dama, sauran suka koma Yola. Sai da aka yi wata tara kana aka sake komowa, wannan karo Ingilishi da Faransawa tare, ƙarƙashin Kanar Cunliffe. Suka jawo babbar igwa ta jirgin ruwan yaƙi, suka hau Binuwai da ita, Faransawa kuma suka kawo tasu. Da igogin nan suka dinga faɗawa cikin ramuka, sai zuciyar baƙaƙen sojan Jamus ta karye, waɗansu suka ƙi umarni, waɗansu suka faɗa kogi don su tsere, ga shi kuwa ya kawo ruwa, da yawa suka nutse. Ran 10 ga Yuni 1915 Garwa ta sallama. Mora kaɗai ta yi taurin kai a bisa dutsenta, ba ta sauko ba sai cikin Fabrairu 1916, bayan an ci Yawunde.

A cikin yaƙin nan na arewacin Kamaru ne Cari ya fara yin suna. Jamusawa suka ba shi lambar jaruntaka, wadda jaridun Turawa na 1953 suka ce ita ce Kuros na Ƙarfe, lambar da mayaƙan Jamus ke alfahari da ita. Amma lamba ba ta hana kaye. Ƙasar Kamaru ta fita hannun Jamus, shi kuma ya faɗa hannun waɗanda ya yi ta harbi. Cikin 1917 Ingilishi suka ɗauke shi soja, ya shiga Rundunar Nijeriya.

A nan ne waɗansu za su ɗaga gira su ce, ashe mutumin ba shi da amana, jiya yana bayan wannan, yau yana bayan wancan. Wannan hukunci bai yi masa adalci ba. Faɗan Sarkin Jamus da Sarkin Ingila faɗan 'yan'uwa ne, gama su biyu jikokin Sarauniya Biktoriya ne, ba kuwa wanda ya shawarci mutanen Barno kafin a soma shi. Cari bai gudu daga fagen fama ya koma wa abokan gaba ba. Ya tsaya wa Jamus har ran da aka kama shi, sa'an nan ya nemi aikin da ya iya a wurin wanda ya gaje ta. Tun kafin zuwan Turawa haka mayaƙan ƙasashen nan ke yi: in sarki ya faɗi, barade su kan yi caffa ga wanda ya hau. Mayaƙan Rabe da yawa ma haka suka ƙare cikin sojan Turawa. Amanar irin waɗannan mazaje ga wanda suka ci gishirinsa ta ke, da kuma abokan da ke kwance tare da su cikin rami guda. Ingilishi kuwa sun san haka sarai, shi ya sa ba su ji tsoron ba shi bindiga ba.

Ba su ma tsaya nan ba, sai suka aika da shi ya yaƙi iyayengijinsa na dā. A Afirka ta Gabas, ƙasar da a ke kira Tanzaniya yanzu, akwai wani shugaban yaƙi na Jamus, Janar von Lettow-Vorbeck, wanda ya gagari kowa. Sojansa kaɗan ne, amma ya yi shekara huɗu yana jan rundunonin Ingilishi cikin daji, ya sara nan ya ɓullo can. Ƙarshen 1916 aka kwashi bataliya huɗu na Nijeriya cikin jiragen ruwa aka sauke su a Darussalam, daga baya aka riƙa aika musu da ƙari. Abin da ya fi cin su a farko yunwa ce. Damina ta same su a bakin kogin Rufiji, hanyoyi suka yanke, abinci ya ƙare, har waɗansu suka ci saiwoyin da ba su sani ba suka mutu. Cikin Oktoba 1917 aka yi kwana huɗu ana gwabzawa a Mahiwa, inda sojan Nijeriya fiye da 500 suka mutu ko suka yi rauni. Farkon 1918 aka komo da su gida. Janar ɗin kuwa bai ajiye makamai ba sai ƙarshen Nuwamba 1918, mako biyu bayan an daina yaƙi a Turai.

Shekara ashirin da suka biyo baya na zaman bariki ne, a cikinsu kuwa Cari ya hau matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, daga kofur zuwa saje, daga saje zuwa samanjan kamfani. Kafin 1930 ya zama babban samanja na Bataliya ta 3. Ya kamata a san ko mene ne wannan matsayi, don a gane girmansa da kuma iyakarsa. Sojan zamanin nan ja-dara ya ke sawa, da gajeren wando, ran fareti kuma ya ɗora 'yar jar shara mai ado, alamar rundunarsa itacen kwakwa ne. Ba takalmi a ƙafarsa, ko a fagen fareti ko a rawar daji. Albashin farabiti kamar sule guda ne a yini. Hausa ce harshen bariki, ko kurtu Tibi ne ko Bazabarme sai ya koye ta, hafsoshin Turawa ma dole su ci jarrabawarta. Hafsoshin nan zuwa su ke yi su yi 'yan shekaru su koma rundunoninsu a Ingila, wani ma zazzaɓi ya kore shi tun bai san sunayen mutanensa ba. Wanda ba ya tafiya ko'ina shi ne samanja. Shi ya san kurtun da ya gudo daga gida saboda haraji, da wanda matarsa ta yi yaji, da wanda ya ci bashin 'yan kasuwar bariki. Shi ke raba faɗa, shi ke horo, shi ke gaya wa sabon Kanar abin da soja za su jure da abin da ba za su jure ba. In an ce bataliya gida ce, to, Kanar baƙo ne mai daraja, samanja shi ne maigida.

Duk da haka akwai rufin da kansa ba ya wucewa. Baƙin mutum ba ya zama hafsa a rundunar nan a lokacin, kome daɗewarsa, kome jaruntakarsa. Yaron Bature wanda ya fito makaranta jiya, gemu bai ko tsiro masa ba, Cari ne zai ƙame ya sara masa. Ko Baturen saje ma, wanda a ƙa'ida igiyarsa ba ta kai ta samanja ba, ba ya karɓar umarni daga baƙin samanja.

Ran 10 ga Yuni 1940, shekara 25 daidai da faɗuwar Garwa, Musolini na Italiya ya shiga yaƙi a bayan Hitila. Italiya tana riƙe da ƙasar Somaliya, ta kuma ƙwace Habasha tun 1936, ta kori Sarki Haile Selassie. Aka ji tsoron kada su gangaro Kenya. Saboda haka aka tara Bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 na Nijeriya, jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Ikko, jirgin ruwa ya zagaya da su ta ƙarshen Afirka ta Kudu ya sauke su a Mombasa. A nan ya kamata a tuna da mutanen reluwe, direbobi da masu zuba gawayi da masu gyaran hanya, waɗanda suka yi shekara shida suna jan soja zuwa teku, suna jan gyaɗa da kuza a bayansu, dare da rana, da tsofaffin injuna waɗanda ba a samun kayan gyaransu. Ba a rataya musu lambar jaruntaka ba, amma ba sojan Arewa da ya isa bakin teku ba tare da su ba.

Yaƙin Habasha ya sha bamban da na Rufiji, gama wannan na mota ne. Cikin Fabrairu 1941 rundunar Janar Cunningham ta ƙetare kogin Juba, aka sa 'yan Nijeriya a gaba. Suka yi tafiyar fiye da mil 200 cikin kwana uku, suka shiga Mogadishu ran 25 ga wata, suka tarad da man fetur mai yawan gaske wanda Italiyawa suka gudu suka bari. Da man abokan gaba suka ci gaba. Suka juya arewa, suka ratsa hamadar Ogaden, ƙasa mai ƙaya da ƙishirwa, suka isa Jijiga tsakiyar Maris. Daga nan sai duwatsu. Italiyawa suka tare mashigin Marda, wata ƙofa tsakanin tsaunuka wadda hanyar Harar ta bi ta ciki, suka binne nakiyoyi, suka kafa igogi a bisa. Ran 21 ga Maris 'yan Nijeriya suka hau tsaunin da rana tsaka, ana harbinsu daga sama, kafin gari ya waye masu tsaron sun janye. Aka sake karawa a Babile da bakin kogin Bisidimo, kafin ƙarshen wata Harar ta sallama. Daga Mogadishu zuwa Harar sun cinye tafiyar cikin kamar kwana 30. Ran 6 ga Afrilu aka shiga Adis Ababa, ran 5 ga Mayu Haile Selassie ya koma gadonsa. 'Yan Nijeriya ba su huta ba sai da suka bi sauran Italiyawa kudu maso yamma, suka ƙetare kogin Omo cikin Yuni, ruwa na gudu, harsashi na zuba.

A wannan yaƙi ne Samanja Cari ya sami Lambar Soja, wadda a ke taƙaita sunanta da M.M. Sarki Joji na Biyar ne ya ƙago ta cikin 1916. Ta azurfa ce, a bayanta an rubuta cewa don jaruntaka ce a fagen fama, ba a kuwa ba da ita don daɗewa a aiki ko don iya fareti. Sai dai ko a nan akwai bambanci: lambar ta waɗanda ba hafsoshi ba ce, hafsa in ya yi irin wannan aiki wata dabam a ke ba shi. Ingila ba ta kawar da wannan bambanci ba sai cikin 1993. Lokacin da Cari ya same ta ya ba shekara arba'in baya, a matsayinsa kuma ba wanda zai zarge shi in ya tsaya a baya wajen kayan yaƙi da abinci.

Aka komo da su gida kafin ƙarshen 1941, don a lokacin Faransawan da ke mulkin Nijar da Dahome suna bin gwamnatin da ta yi sulhu da Hitila, ana tsoron iyaka. Da wannan tsoro ya kau, sai aka ce Bama. Japan ta ƙwace ƙasar daga hannun Ingilishi cikin 1942, har tana ƙwanƙwasa ƙofar Indiya. Aka shirya manyan runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, 'yan Nijeriya ne suka fi yawa a cikinsu. Nijeriya ta ba da mutum fiye da 100,000 a wannan yaƙi duka. A nan ne aikin soja ya sake kama: aka ba kowa takalmi, aka shiga koya wa kurata Turanci da karatu, aka ɗauki direbobi da makanikai da masu buga waya da ma'aikatan asibiti, da yawansu daga Kudu, waɗanda suka yi makaranta.

Bama ta yamma, inda suka yi yaƙi, ƙasa ce ta tsaunuka da kurmin gora, da koguna barkatai, da ruwan sama wanda kan yi wata biyar yana zuba. Mota ba ta shiga, alfadari ma da ƙyar. Abin da ya sa aka nemi mutanen Afirka ta Yamma shi ne sun iya ɗaukar kaya a ka, saboda haka kowace runduna tana da dubban soja 'yan dako, masu ɗauke da harsashi da igwa guntu guntu. Abinci kuwa daga sama jirage ke jefo shi da laima. A kwarin Kaladan, mutanen Runduna ta 81 suka sare hanyar ƙaramar mota ta mil 70 da wani abu cikin tsaunuka, da adda da diga da shebur. Bataliya uku na Nijeriya kuma aka haɗa su da mayaƙan Janar Wingate, waɗanda a ke kira Cindit, aka sauke su da jirgin sama a bayan abokan gaba. Sojan Japan ba ya sallama, ya kan haƙa rami ya zauna ciki har ya mutu, da dare kuma ya lallaɓo. Ga matsattsaku, ga atuni, ga zazzaɓi. Cikin Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan. Cari ya yi wannan yaƙi yana dab da shekara hamsin, yawancin waɗanda ke bayansa ba a haife su ba sa'ad da ya ji ƙarar igwa a Kamaru. Aka ambaci sunansa cikin takardun yabo da shugabannin yaƙi ke aika wa Sarki, cikin 1944 kuma aka ba shi Lambar Daular Ingila, watau B.E.M., saboda daɗewa da kyakkyawan aiki.

Japan ta sallama cikin Agusta 1945, amma ƙarancin jiragen ruwa ya sa da yawa ba su ga gida ba sai 1946. Aka sallami dubbai, kowa ya hau jirgin ƙasa da akwatinsa da 'yan kuɗin sallama, waɗansu suka sami aikin dogari ko ɗan doka ko masinja a En'e, waɗansu suka yi ta yawo da takardar shaida ba aiki. Cari ya zauna cikin kaki. Da Sarki Joji na Shida ya rasu cikin Fabrairu 1952, yana cikin waɗanda aka aika Ingila su wakilci rundunar wajen jana'iza. Ya sake komawa Landan don naɗin Sarauniya Elizabet ran 2 ga Yuni 1953. A shekarar nan ya bar aiki, bayan shekara 36 a ƙarƙashin tutar Ingila, fiye da 20 daga ciki yana babban samanja. Aka yi masa fareti, aka ba shi girman Kyaftin.

Kyaftin ɗin nan na girmamawa ne. An ba shi ne ran da zai fita, sa'ad da ba sauran kamfanin da zai ja, ba kuwa Baturen da zai tsaya a bayansa ya karɓi umarni. Kyauta ce mai kyau, ba shakka an yi ta da zuciya ɗaya, amma ta zo kamar ruwan da ya sauko bayan an yi girbi. Ƙofar da aka rufe masa ta riga ta fara buɗewa ga waɗansu, mabuɗinta kuwa takarda ce. Tun 1948 da 1949 aka fara naɗa 'yan Nijeriya hafsoshi, irin su Wellington Bassey da Aguiyi-Ironsi. A cikin 1953 ɗin nan da Cari ya ajiye sandarsa, wani saurayi ɗan ƙasar Barno kamarsa, Zakariya Maimalari, wanda ya yi karatu a kwalejin da a ke kira Barewa yanzu, ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila da tauraro a kafaɗa. Abin da yaƙi huɗu a ƙasa huɗu bai ba tsohon ba, makaranta ta ba yaron tun bai ji ƙarar harsashin abokin gaba ba. Maimalari ya kai Birgediya kafin a kashe shi a Ikko ran 15 ga Janairu 1966. Baturen ƙarshe da ya shugabanci sojan Nijeriya kuwa bai tafi ba sai 1965, shekara biyar bayan samun mulkin kai.

Wanda ya bi ta Kawo zai ga barikin Dalet, a cikin Kaduna kuma akwai na Kalapanzin, a Zariya akwai na Cindit. Mutane da yawa su kan faɗi sunayen nan kullum, su kwatanta wa mai mota inda zai sauke su, ba su san Dalet da Kalapanzin sunayen koguna ne na Bama inda kakanninsu suka zub da jini ba. Shi Cari kuwa, barikin da aka sa wa sunansa yana Lakwaja, a mahaɗar Kwara da Binuwai, garin da Lugga ya fara tara rundunar cikin 1898.